Kukan ɗan wasa ana jinsa, na manomin Rima fa?

A watan Satumba na 2021 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Folan, Mechanistry, ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Timberborn tun bai kammala shi ba. Ɗan wasa yana jagorantar wasu dabbobi masu datse kogi da itace: ya gina musu gari, ya tanadi abinci da katako, ya tare ruwa kafin fari ya sauka. Wanda ya yi kuskuren lissafi, gonakinsa su bushe, garinsa ya mutu. Da gangan aka sayar da wasan a haka, domin masu buga shi su nuna inda ya yi rauni, kamfanin kuma ya shafe shekaru yana gyara shi bisa abin da suke faɗa.

Akwai masu raina wannan hanya, suna cewa gwani ba ya neman shawarar 'yan kallo. Sai su tuna da SimCity na 2013. Kamfanin EA ya wajabta wa kowa haɗuwa da intanet kafin ya buga, masu saye suka yi ta kuka, ba a janye sharaɗin ba sai a 2014, bayan sunan wasan ya riga ya zube. A 2015 aka rufe ofishin da ya ƙera shi. Ƙananan kamfanoni ba su fi manya kirki ba, tsoro suka fi su. A kasuwar Steam, wanda ya buga wasa ƙasa da awa biyu yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14. Kukan da ke iya taɓa aljihu shi ake kira bayani. Wanda ba ya iyawa, sunansa ƙorafi.

Matsalar da Timberborn ke ɗora wa ɗan wasa, wato yaushe za a riƙe ruwa, yaushe za a sake shi, ita ce ainihin matsalar gabashin Jihar Sakkwato, sai dai a nan mutane ne a ƙasan madatsa. Madatsar Goronyo a kan kogin Rima an gina ta ne ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942. A Satumba 2010 aka saki ruwanta cikin damina mai ƙarfi, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, har gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. A 2018 kuwa ruwan ya sauka zuwa kusan kashi goma cikin ɗari, alhali birnin Sakkwato da manoman rani sun dogara da shi. Mutanen Rabah, da ke gefen kogin Sakkwato, sun san irin wannan darasi tun daga madatsar Bakolori, wadda ta rage ambaliyar da fadamun ƙasa da ita ke rayuwa a kai. Manoman da suka yi bore a can kan filaye da diyya a 1980, da harsashi aka amsa musu.

Injiniya zai ce madatsa ba wasa ba ce, idan ta cika dole a buɗe ko ta fashe. Gaskiyarsa. Amma ba a kan buɗewar ake jayayya ba. Mai shinkafa a fadamar Wurno, da mai albasa da tafarnuwa a Goronyo, sun san makon da yanke ruwa ke kashe shuka, sun san hanyar da ruwa ke bi idan ya tumbatsa, sanin da babu shi a taswirar ofis. Wannan ilmi ne na aiki, kuma kyauta yake zuwa. Abin da manomi ya rasa shi ne makamin da ɗan wasa ke da shi: ba zai iya mayar da kogi ya karɓi kuɗinsa ba.

Tunda babu wannan matsin, sai a gina shi da ƙa'ida. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sanar da matakin ruwan Goronyo kowane mako a gidan rediyon Rima, da Hausa da Fulatanci. Ta fitar da jadawalin sakin ruwa kafin manoma su ci bashin iri da taki. Kowace ƙungiyar manoma daga Goronyo zuwa Wurno ta sami littafin koke mai lamba da kwanan wata, kuma a wajabta wa hukumar amsa kowane koke a rubuce cikin kwana 30.