Farfesan da Ya Sha Kaye Sau 256

A majalisarmu ta bayan La'asar, in gardamar ƙwallo ta ƙare ba a daidaita ba, dambe ake komawa. Makon jiya wani ƙanenmu da ba ya rabo da waya ya miƙo mini ita yana dariya har da riƙe ciki. "Yaya, don Allah dubi wannan. Wai shi ma ɗan dambe ne." Hoton wani Bature ne, an jera lissafinsa a ƙasa: wasa 300, nasara 32, canjaras 12, kaye 256. Yaron ya ƙara da cewa ko buhun da ake rataya wa ana duka a wurin atisaye ya fi wannan mutum rufin asiri, tunda shi buhu ba a rubuta masa yawan naushin da ya sha. Majalisa ta kwashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Sai dai na san sunan tun ba yau ba, na kuma san an bar lamba ɗaya a waje, wadda ita ce kan zancen.

Sunansa Peter Buckley, haifaffen birnin Birmingham na Ingila a 1969. Ya shiga damben boksin na kuɗi a watan Oktoban 1989, ya ajiye safar hannu ranar 31 ga Oktoban 2008. Shekara 19 ke nan cif, kusan wasa 16 a kowace shekara. Domin mai karatu ya gane nauyin abin, marigayi Muhammad Ali wasa 61 ya yi a duk rayuwarsa ta damben kuɗi, Floyd Mayweather kuma 50.

Lambar da aka ɓoye ita ce 10. Cikin kayen nan 256, sau goma kacal aka gama da Buckley kafin cikar lokaci. Sauran 246 duk a kan ƙafafunsa ya ji ƙararrawar ƙarshe, aka ƙirga maki, aka ɗaga hannun abokin karawarsa, shi kuma ya je ya watsa ruwa ya kama hanyar gida. Da a gidan damben gargajiya ne, inda sai an kai mutum ƙasa ake cewa an yi kisa, da yawancin wasanninsa "turmi ya ƙare, babu kisa" za a sanar, a raba su. Duk wanda ya taɓa tsayawa minti uku a gaban saurayi mai jini a jika, wanda ya zo da niyyar cire maka kai a gaban danginsa, ya san wannan ba aikin rago ba ne. Shi ya sa mutanen sana'ar suka laƙaba masa Farfesa. Ya karanci yadda ake dunƙulewa a bayan safa, yadda ake karɓar naushi da kafaɗa da gwiwar hannu, yadda ake jingina da igiya a bar ƙarfin dukan ya wuce, da lokacin da ya kamata a rungume yaro a bar shi ya huce.

To me ya sa mai irin wannan ilimi ba ya cin wasa? Amsar tana cikin yadda aka gina kasuwar, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

A ƙananan zaurukan dambe na Birtaniya, inda babu kuɗin talabijin, tikiti ne ke biyan kowa. Mai shirya wasa yakan ɗauki yaro mai tasowa ya damƙa masa tikiti, ya ce je ka sayar wa 'yan unguwarku da abokan aikinka. Daga cinikin nan ake fitar da ladan abokin karawarsa da kason mai shirya wasa, abin da ya rage shi ne nasa. Wannan yaro shi ne ɗan gida. Mutum ɗari ko fiye sun biya kuɗi don su ga ya yi nasara, kuma in ya faɗi yau, gobe ba za su saya ba. Saboda haka ana bukatar wani a ɗaya kusurwar: baƙo, wanda bai sayar da tikiti ko ɗaya ba, mai lasisi, mai lafiya, wanda zai zo a kan lokaci, ya ba yaron aiki na turmi huɗu ko shida, ya koya masa abin da buhu ba zai koya masa ba, ba tare da ya lalata shi ba. A irin waɗannan ƙananan wasanni da ba na kambu ba, alƙalin da ke cikin fage shi kaɗai ke ba da maki. In turmi ya zo kusa da kusa, zaure kuma ya ɗauki ihun sunan ɗan gida, ba sai an yi duba ba kafin a san inda hannu zai karkata.

Sannan ga doka. Hukumar damben Birtaniya tana dakatar da duk wanda aka tsayar da wasansa saboda duka na aƙalla kwana 28. Ga zakaran da ke fitowa sau biyu a shekara, wannan ba komai ba ne. Ga mutumin da cefanen gidansa ya rataya a kan fitowa sau biyu ko uku a wata, asarar albashi ce sukutum. Haka in gira ta tsage. Shi ya sa lissafin baƙo ya bambanta da na ɗan gida: shi burinsa ya fita da fuskarsa yadda ya shigo da ita, domin akwai wani wasan mako mai zuwa. Akwai kuma abin da masu wannan sana'a ba sa ɓoyewa in an tambaye su, wato in ka cika kayar da 'yan gida, waya takan daina ƙara. Wane manaja ne zai kira mutumin da ya fasa masa tukunyar da ya shekara biyu yana ginawa?

Kada a ɗauka tun farko haka Buckley ya shigo. Matakalar dambe a can tana farawa daga kambun yanki, sai na Ingila, sai na Birtaniya mai ɗamarar nan ta Lonsdale da ake bayarwa tun 1909, sai na Turai da na ƙasashen renon Ingila, kafin a kai na duniya. Buckley ya taka matakin farko, ya riƙe kambun yankin tsakiyar Ingila a aji biyu na marasa nauyi. Nan ƙarfinsa ya tsaya, kuma ya gane hakan da wuri. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni game da shi. Da yawa daga cikinmu, a kowace sana'a, mukan ƙare rayuwa muna jin haushin duniya saboda ta ƙi yarda cewa mu zakaru ne. Shi ya auna tsawon hannunsa, ya ga inda ya kai, ya gina sana'ar shekara 19 a daidai wurin. Manajansa, Nobby Nobbs, mutum ne mai barkwanci, har ana yi wa tawagarsa laƙabi da kamfanin masu shan kaye, su kuma ba su ɗauki abin zagi ba.

Ku dubi waɗanda suka bi ta hannunsa. Masu shekaruna ba su manta Naseem Hamed ba, ɗan asalin Yaman ɗin nan na Sheffield mai wandon fatar damisa, wanda kan yi alkafura ya tsallake igiya ya faɗa fage. Mutum biyar na farko da Hamed ya kara da su, babu wanda ya kai ƙarshen wasa. Na shida shi ne Buckley, a Liverpool cikin Nuwamban 1992, kuma sai da aka cinye turmi shida aka koma ga maki. Hamed ya sake nemansa a Cardiff a Janairun 1994, a nan ne ya samu aka tsayar da wasan a turmi na huɗu. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka Hamed ya zama zakaran duniya. Duke McKenzie ya kara da Buckley, haka Scott Harrison, haka Gavin Rees, haka Acelino Freitas na Brazil mai hannu kamar guduma. Kell Brook, wanda ya ɗauki kambun duniya a Amurka a 2014, da Buckley ya buɗe littafinsa a 2004. Lura da wannan na ƙarshen: mutumin da ya riƙe kambu a ajin kilo 55 ne ke tsayawa gaban yaron da gidansa ajin kilo 66 ne. In waya ta yi ƙara, ko saura 'yan sa'o'i a fara wasa saboda wani ya janye, jakarsa a haɗe take.

Na san abin da wani zai ce, domin ƙanen nan nawa bai bar ni na sha ruwa ba sai da ya faɗa: ashe dai wasan haɗin baki ne. Ban yarda ba, amma ban kuma wanke kasuwar tas ba. Ba a cewa baƙo ya kwanta, kuma naushin da ake kai masa na gaske ne. Yaron da ya yi sakaci yakan ji a jikinsa, shi ya sa akwai 32 ɗin nan a lissafi. Amma gaskiya ne an jera kujerun ta yadda kusan kowa ya san wanda zai ci, kuma ana sayar wa jama'a yaro mai "wasa goma, nasara goma" alhali bai taɓa haɗuwa da wanda ya zo da yunwar kayar da shi ba. In akwai algus a nan, a wurin mai awo yake. Buckley leburan kasuwa ne, ya ɗauki kayan da aka ɗora masa, ya kai inda aka ce, ya karɓi ladansa.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta san bambancin naushin da ya kayar da mutum da wanda ya jure ba, duka tana ajiye su. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa tarin ƙananan duka na shekaru yana iya taɓa tunani da magana da tafiya bayan an tsufa. In ɗana ya zo mini da wannan sana'a, ba zan sa albarka ba, ko da kuwa za a kira shi Farfesa. Abin da ya sa irin su Buckley ke iya yin ta su kai ƙarshe shi ne akwai shinge a kewaye da su, kuma shingen nan da jini aka gina shi. A Satumban 1991 Michael Watson ya faɗi a wasansa da Chris Eubank a Landan, aka yi jinkirin ba shi taimakon gaggawa, ya kwana 40 bai san inda yake ba, ya tashi da naƙasa. Ya kai hukumar dambe kotu, a 1999 kotu ta ce hukumar ta yi sakaci. Yau ba a sabunta lasisin ɗan dambe a Birtaniya sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa kowace shekara, ba a kuma fara wasa sai da likitoci da motar asibiti a wurin.

Cire wannan shinge, ka ga abin da ke saura. Ranar 29 ga Maris, 2025, Segun Olanrewaju, tsohon zakaran Najeriya da na Afirka ta Yamma, mai shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a filin Bukom da ke Accra, ya ce ga garinku nan. Shi ma baƙo ne a kusurwar baƙi, ya ƙetare iyaka neman abin rufin asiri. Hukumar damben Najeriya ta ce ba ta ba da izinin wasan da ya mutu a cikinsa ba. Sana'arsu ɗaya da Buckley a wannan dare, bambancin kawai wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana duba takarda. Duk lokacin da na leƙa gidan dambenmu na gargajiya na ga yaro ya sha kisa, an yayyafa masa ruwa, bayan kwana biyu ya sake ɗaura zare, wannan tambayar ce ke zuwa mini: wa ke ƙirga masa kwana 28?

Mu dai mun saba, kiɗa na mai kisa ne. Makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago waƙar da har gobe ake saurare, amma mazajen da Shago ya bi ta kansu ya zama Shago, in ma an ambace su, don a ƙara wa gwanin kwarjini ne. Haka abin yake a Ingila, sai dai su sun yi abu ɗaya da ya kamata a faɗa. Da wasan Buckley na 300 ya zo, ba a tura shi wani gari ya cike gurbi ba. A Birmingham aka shirya shi, a garinsu, kuma jaridun da shekara 19 ba su san da zamansa ba suka aiko wakilai. A lokacin ya shekara biyar rabonsa da nasara. Zaure ya cika da mutanen da suka sayi tikiti saboda shi, sunansa ake kira. Aka yi turmi huɗu da wani mai suna Matin Mohammed, alƙali ya kama hannun Buckley ya ɗaga sama, nasara ta 32.

Da na kai nan a labarin, ƙanen nawa ya yi shiru yana kallon wayarsa, can ya ɗago. "To Yaya, shi wannan Matin ɗin fa?"

Na ce masa a daren nan shi ne baƙo.