Ra'ayinmu: Mai Busa Ma Yana Iya Zama Dakta

A unguwanninmu na Gadarif, da zarar yaro ya ɗauki abin busa ko ya fara bin makaɗan biki, an riga an yanke masa hukunci: "Ya lalace, maroƙi zai zama." Daga nan ko dai a karya abin busar, ko yaron ya yi fushi ya watsar da karatu. Ni a ganina duka biyun asara ce, kuma tarihin wani baƙo da ya zauna a Zariya ya isa hujja.

Sunansa Yusef Lateef, baƙar fata ɗan Amurka. An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Ditroit, inda ya koyi busa saksofon tun yana saurayi. A 1949 ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin manyan masu kiɗan jaz. Ya musulunta, ya sauya suna. Abin da nake so iyaye su duba shi ne abin da ya yi bayan ya shahara. Yana dab da shekara 50 ya karɓi digirin farko a Makarantar Kiɗa ta Manhattan a 1969, ya ƙara na biyu a 1970, sannan a 1975 ya zama dakta a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts. Kundinsa kuwa a kan ilimin Musulunci da na Turawa ya rubuta shi.

Daga 1981 zuwa 1985 ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana nazarin sarewar Fulani. Ku duba fa, jama'a: mutum ya tsallako teku don ya koyi abin da mu muke jin kunyarsa. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93, bayan ya daɗe yana koyarwa a jami'a.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A'isha al-Fallatiya tamu ce, a Kasala aka haife ta, mahaifinta malami ne, kuma ta sha tsangwama kafin muryarta ta fita a Rediyon Umdurman. Yau Sudan duka tana alfahari da ita. Sharhabil Ahmad, wanda ake kira sarkin jaz na Sudan, ya yi karatun zane a Khartum, ya shafe shekaru yana yi wa mujallar yara ta Al-Sibyan zane, bai ajiye jitarsa ba.

Na san za a ce, to addini fa? Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Uban da ya hana ɗansa bisa fahimtar malaminsa, hakkinsa ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin hanin da muke yi na gudun surutun dangi ne, da tsoron yawon dare da miyagun abokai. Tsoron nan yana da tushe. Sai dai korar yaro daga gida ita ce ke miƙa shi ga abin da ake tsoron.

Yanzu lamarin ya fi gaggawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 karatu ya rikice, har da Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Khartum, wadda aka fara a 1969. Ga kuma tsofaffinmu masu algaita da kalangu suna ta tafiya, babu magaji.

Don haka kiranmu uku ne. Iyaye su sa sharaɗi maimakon duka: kana son busa, to kawo sakamakon jarrabawa. Ƙungiyoyin matasa su ɗauki waya su naɗi tsofaffin makaɗa da tarihinsu kafin a makara. Jami'ar Gadarif kuma ta buɗe ƙofa a adana wannan gado a yi nazarinsa, kamar yadda Zariya ta yi. Idan muka yi sakaci, jikokinmu sai sun je wata ƙasa kafin su ji busar kakanninsu.