Mutumin da ya faɗo daga sama: yadda Bangalawa ke riƙe baki

A wannan sati za mu leƙa gabas mai nisa, ƙasar Bangal, inda mutane fiye da miliyan 200 ke magana da harshen Bangali, a Bangaladash da kuma jihar Bangal ta Yamma cikin Indiya. Abin da ya kai mu can kuwa shi ne karin maganarsu, wanda su ke kira "bagdhara", musamman abin da su ke faɗi in mamaki ya rufe mutum.

In Bahaushe ya ji abin al'ajabi, sai ya riƙe baki, ko ya saki baki ya yi sototo. Shi kuwa mutumin Daka ko na Kalkata, sai a ce da shi "akash theke pora". Kalmomin uku ne: "akash" sararin sama, "theke" daga, "pora" faɗowa. Wato ya faɗo daga sama. Mai koyo zai lura da cewa jerin kalmomin ya saɓa wa namu, domin a harshen nan aikatau a ƙarshe ya ke zuwa, "daga" kuma bayan suna ta ke zama. Hikimar zancen a fili ta ke: wanda ya faɗo daga sama bai san garin ba, bai san abin da ake ciki ba, kome ya gani sabo ne gare shi. Waɗanda suka yi lakwal za su tuna cewa Faransawa ma suna da irinta, "tomber des nues", faɗowa daga gajimare.

Amma fa akwai wani abu a ƙarƙashin maganar. Sau da yawa Bangalawa da zolaya su ke faɗinta, ga mutumin da ya san zance sarai amma ya nuna bai taɓa ji ba. Ɗauki misalin wanda ake bi bashi, mai kuɗi ya zo masa, shi kuwa ya zaro ido kamar yau ya fara ganinsa. Irin wannan ake ce wa: ka yi sai ka ce daga sama ka faɗo. Ke nan kalma guda tana ɗauke da mamakin gaskiya da kuma mamakin ƙarya, sai muryar mai magana ke bambanta su.

Ga kuma inda baƙo ke tuntuɓe. Akwai wata magana mai kama da ita, "mathay akash bhenge pora", wato sama ta tsage ta faɗo wa mutum a ka. Saman nan dai ce, faɗowar ma ita ce, amma wannan ta masifa ce, kamar rasuwar mai gida ko gobara a rumbu. Wanda ya ɗauki ta farko ya kai ta gidan makoki, yana nufin jaje, to ya zargi mai makoki da munafunci bai sani ba. Kama da wane ba ta wane, in ji magabata.

Suna kuma cewa "chokh kopale otha", idanu sun hau goshi, ga wanda ya ji tsadar kaya a kasuwa ko ya ga abin da ya fi ƙarfin tunaninsa. Wadda ta fi jan hankalinmu ita ce "akkel gurum". "Akkel" daga Larabci ta fito, daga kalmar "aƙl", wadda mu ma daga gare ta muka samo "hankali". "Gurum" kuwa ƙarar igwa ce. Wato hankalin mutum ya fashe kamar an buga bindiga, ya rasa ta cewa. Dubi ikon Allah: kalma ɗaya ta bi malamai da fatake, ta sauka a Damagaram, ta kuma sauka a bakin kogin Ganga. Sai dai kada mai fassara ya yi gaggawar cewa "hankalinsa ya tashi", domin tashin hankali a wurinmu damuwa ne da tsoro, su kuwa ɗaurewar kai su ke nufi.

Bangalawa sun san darajar waɗannan ƴan kalmomi, domin da jini suka saye su. A 1948 Muhammad Ali Jinnah ya faɗa a Daka cewa Urdu kaɗai zai zama harshen gwamnatin Pakistan. Ran 21 ga Fabrairu 1952, ƴan sanda suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a birnin, aka yi asarar rayuka. A 1956 tsarin mulki ya amince da Bangali, a 1971 kuma Bangaladash ta sami ƴancin kanta. Saboda tunawa da ranar nan ne hukumar UNESCO ta tsai da 21 ga Fabrairu, a 1999, ta zama ranar harshen uwa ta duniya.

Mu a nan Nijar, inda aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, aikin tafinta da na ƴan jarida ƙaruwa zai yi. Ranar da mai fassara labaru ya ce mana wani minista ya faɗo daga gajimare, mutanen karkara za su tambaya ko ya karye. Abin da za a ce shi ne mamaki ya kama shi, ko ya riƙe baki. Karin magana sai an koye shi tare da wurin faɗinsa, da wanda ake faɗa wa, da lokacin da ya kamata a yi shiru da shi. Wannan aiki ne na mushen lakwal, da mai gabatar da labaru a rediyo, da mu masu alƙalami.