Kafin Yaro Ya Ajiye Fiziks, A Kira Iyayensa

A Darna Sabon Gari da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela akwai wata babbar shawara da 'yan sakandare ke yankewa su kaɗai, iyaye ba su da labari: ajiye darasi. Yaro yana aji biyar a ɓangaren kimiyya, Fiziks ya gagare shi, ko an yi zango guda ba malami, sai ya daina shiga. Ranar rajistar WAEC ya cike gurbin da wani darasi mai sauƙi. In ka tambaye shi, ya ce ba ya son F9 ta ɓata masa takarda.

Tsoron nasa gaskiya ne, amma lissafin ya kauce. WAEC da NECO ba sa tara makin darussa su raba. Kowane darasi da nasa sakamakon: A1 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 tsira da ƙyar, F9 faɗuwa. Faɗuwa a Fiziks ba ta rage ko maki ɗaya daga Bayoloji, ajiye shi ma ba ya ƙara wa Bayolojin komai. Abin da jami'o'i ke dubawa shi ne kiredit biyar a darussan da kwas ɗin ke buƙata, yawanci a zama ɗaya ko biyu. Mai son aikin likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko yarinyar da ke burin zama ma'aikaciyar jinya, dole su kawo Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Ko kiredit tara ka zo da su, in babu ɗaya daga cikin waɗannan, an rufe maka ƙofa. A JAMB ma mai neman likitanci sai ya rubuta Fiziks ɗin da ya gudu ya bari.

Abin da ya fi damuna shi ne bambancin wanda ya faɗi da wanda ya ajiye. Wanda ya zauna a aji har ƙarshe ya samu D7 yana da tushe. NECO na nan tafe bayan WAEC, ga jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara, zai iya gyarawa ya haɗa sakamako biyu. Wanda ya bar aji tun shekara biyu baya fa? Daga farko zai soma, da kuɗin malamin gida, kuma gidaje nawa ne a nan za su iya?

Ban ɗora laifin duka a kan yara ba. Illela garin iyaka ne. Yaro na ganin sa'ansa yana kabu-kabu zuwa bakin Kwanni ta Nijar, ko yana lodi a kasuwar ranar Lahadi, ya dawo da kuɗi a aljihu. Darasin da ke neman zama da nazari shi ne farkon wanda ake sallama. Amma mutanen Illela sun ga yadda hanya ta mutu da aka rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Neman kuɗin da umarni ɗaya daga Abuja kan tsayar bai isa a sayar masa da darasi ba.

Akwai yaron da barin ɓangaren kimiyya ya dace da shi, wanda zuciyarsa na ga shari'a ko kasuwanci. Wannan ya canza tun aji huɗu, ido buɗe, kafin makin gwaje-gwajen da makaranta ke aika wa WAEC ya taru.

Roƙona ga shugabannin makarantu: kada a cire wa ɗalibi darasi sai uba ko uwa sun zo, an karanta musu da Hausa kwasa-kwasan da yaron zai rasa, sun sa hannu. Inda kuwa rashin malami ne ya kori yara daga aji, ƙungiyar iyaye da malamai ta rubuta wa Ma'aikatar Ilimi a Sakkwato, da sunan darasin da adadin watannin da aka yi ba a koyar da shi ba.