KAYAN GIDAN TARIHI BA SU DA BAKI

Kwanan baya muka kai ɗaliban kwalejin horon malamai ziyara wani gidan ajiye kayan tarihi. Muna cikin zagayawa sai muka tarad da wani dattijo da jikokinsa biyu, sun tsaya gaban wani akwatin gilashi mai ƙasusuwa a ciki. Yaran suna ta yi masa tambaya, shi kuwa sai duban takardar da aka liƙa ya ke yi, ga ta da Turanci. Daga ƙarshe ya ce musu ƙashi ne dai, ya ja hannunsu suka fita. Wannan abu ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai da akawuna.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma gani ba tare da bayani ba kallo ne kawai. Ƙashi da dutse da kasko ba su da baki, sai an sami mutum ya yi magana a madadinsu. Ra'ayinmu shi ne, masu ilmi daga cikinmu su riƙa ba da awa biyu ko uku a mako, ba don a biya su ba, su zama 'yan jagora a irin waɗannan gidaje, su bayyana wa jama'a abin da su ke gani da harshen da su ke ji.

Bari mu kawo misali. A gidan tarihi na Yamai, wanda aka kafa cikin 1959, akwai wani busasshen itacen ƙaya da aka gina wa rumfa. Wanda bai sani ba zai ce makamashi ne. Alhali kuwa ita ce bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayarin gishiri na Bilma suna gane hanya da ita. Saiwarta ta nutsa ƙasa fiye da mita 30 neman ruwa, har cikin 1973 wata babbar mota ta buge ta. A gidan nan kuma akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono daga hamadar Agadas. Ɗan jagora shi zai gaya wa yaro cewa inda rairayi ya ke yau, da koguna ne da kadoji.

Mu ma a nan ƙasar ba mu rasa irin wannan ba. A wajen Goronyo an tono ƙashin wani babban ƙadangaren teku, har masana suka raɗa masa suna da sunan garin. Farin dutsen da a ke yin siminti da shi a Kalambaina ɗauke ya ke da ɓawon halittun teku, watau shaida ce teku ta taɓa rufe ƙasar Sakkwato. A Dufuna ta jihar Yobe, cikin 1987, wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Wajen 1943 kuwa, wani akawun ma'adinin kuza a ƙasar Jama'a ya tsinci kan mutum na yumɓu, ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumi. Sai da ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos cikin 1952, sa'an nan aka gane aikin mutanen Nok ne, ya haura shekara 2,000. Dubi dai, abin nan ɗaya ne, sani ne kaɗai ya raba gona da gidan tarihi.

Mun san wadansu za su ce wannan aikin Hukuma ne, me ya sa malami da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata zai yi aikin kyauta? Ba mu raina wannan magana ba, kuma ba mu ce a sallami ma'aikaci a sa ɗan sa-kai a gurbinsa ba. Amma ma'aikatan gidan ba za su iya bin kowace ƙungiya ba ranar da makarantu suka cika wurin. Ko babban gidan nazarin halittu na Landan, wanda aka buɗe cikin 1881, yana amfani da 'yan sa-kai. Sa'an nan malamin da kansa riba ya ke ci, domin wanda ya bayyana abu sau ashirin ga manomi da ɗan kasuwa da ƙaramin yaro, darasinsa na ranar Litinin ba zai zama kamar na da ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Kada kowa ya shiga aikin nan sai ya zauna da ma'aikatan gidan ya koya, ya kuma karanta. Ɗan jagora mai ƙaga labari ya fi rashin ɗan jagora illa, gama yaro ba ya mance abin da aka gaya masa gaban ƙashi. In an yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka bincika, wannan ba abin kunya ba ne. Kada ka cika mutane da surutu, zaɓi abu biyar ko shida ka tsaya a kansu, ka bar yara su yi tambaya.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu su rubuta wa gidan tarihin da ke kusa da su, su ba da sunayen malamai biyu ko uku masu sha'awa. Dattijon nan zai sake komowa da jikokinsa wata rana. Allah ya sa ya tarad da ɗayanmu a bakin ƙofa, amin.