Tafkin Chadi bai mutu ba: a daina sayar mana da labarin 1980

1/
Jama'a, zare ne mai tsawo, ku gyara zama. A kan maganar da aka haddace mana tun muna firamare ne: wai Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, kuma yana gab da ɓacewa. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa ya tsufa, kuma tsufansa yana ci mana rayuka.

2/
Mu fara da gaskiyar. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Sai farin shekarun 1970 da 1980 ya zo. A 1973 tafkin ya rabu gida biyu, kwarin arewa da na kudu. Zuwa tsakiyar 1980 ruwan da ake gani a sarari bai wuce kimanin 2,000 ba. Wannan ya faru, ba mai musu.

3/
Matsalar ita ce nan aka tsayar da agogo. Hoton 1963 a hagu, hoton bayan fari a dama, shi ke nan an gama bincike. Shugabanninmu, har da marigayi Buhari a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, sun yi ta maimaita wannan lissafin. 'Yan jarida suka kwafa, mu ma muka kwafa a jarrabawa.

4/
To me masu auna ruwan suka gano? A 2020 Binh Pham-Duc da Florence Sylvestre da abokan aikinsu suka wallafa bincike a mujallar Scientific Reports. Sun haɗa bayanan taurarin ɗan'adam na kusan shekara 20. Sakamako: tafkin ba raguwa yake ba. Duk shekara yana janyewa da rani, ya dawo bayan damina.

5/
Ƙari a kan haka, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa a yankin ƙaruwa yake tun shekarun 2000. Sun ce shi ne ke ɗauke da kusan kashi 70 na sauyin ruwan da tafkin ke ajiyewa a shekara. Wato mafi yawan labarin yana inda hoto ba ya gani.

6/
Me ya sa hoto ke yaudara? Tafkin ba zurfi gare shi ba, faranti ne. 'Yan mitoci kawai. Ruwa ya ɗan sauka, gaɓa ta ja baya da kilomitoci. Ya ɗan hau, ya cinye gonaki. Sannan babban ɓangarensa ciyayi sun lulluɓe shi. Daga sama kore za ka gani, ka ce tudu ne, alhali kwalekwale ke bi ta ciki.

7/
Kuma ba yau ya fara ba. A farkon shekarun 1900 ma tafkin ya ƙanƙance, Bafaranshen nan Jean Tilho ya gan shi a haka ya rubuta. 1963 da ake ɗauka a matsayin "asalin girmansa" shekara ce daga cikin shekarun da aka fi samun ruwa a ƙarnin. Ka auna mutum ranar sallah, ka ce ya rame ranar aiki.

8/
Masanin ƙasa Géraud Magrin ya rubuta maƙala guda a 2016 a kan tarihin wannan labari na ɓacewar tafkin, inda ya kira shi almara. A 2019 cibiyar adelphi ta Jamus ta fitar da rahoto bayan tattaunawa da mutanen yankin, ita ma ta ce tafkin ba ƙafewa yake ba. Abin da ke wahalar da mutane shi ne rashin tabbas.

9/
Rashin tabbas kamar yaya? Manomi bai san inda ruwa zai tsaya bana ba, balle ya san inda zai shuka masara ko wake bayan ya janye. Masunci bai san inda kifi zai taru ba. Makiyayi bai san wace hanya ce za ta buɗe ba. Da can mutum ɗaya kan yi duka ukun, yana juyawa da ruwan. Yanzu rikici ya rufe hanyoyin juyawar.

10/
Kafin wani ya shigo ya ce "ashe sauyin yanayi ƙarya ne": a'a malam, tsaya. Gaskiya ne, kuma ya fi yadda kake zato muni. Sai dai fuskar da ya zo mana da ita a wannan zamanin ba ta fari kaɗai ba ce. Ruwa ne mai yawa a lokaci guda, a kan garuruwan da ba su shirya ba.

11/
A 2017 Christopher Taylor da tawagarsa suka nuna a mujallar Nature cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Sahara na ƙara zafi, bambancin zafi tsakaninta da kudu na ƙaruwa, hadari na ƙara ƙarfi. Ruwan da a da zai sauka a hankali, yanzu juye shi ake yi.

12/
2022: ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Masana na World Weather Attribution suka yi lissafi, suka ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80, ya kuma ƙara mata ƙarfi da kusan kashi 20.

13/
2024 kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. Ranar 10 ga Satumba ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri cikin dare. Kasuwa, asibitin koyarwa, gidan yari, gidan namun daji, duk ya shiga. A Chadi sama da mutum 500 suka rasu a daminar. A Nijar tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Wannan ne yankin da ake ce mana ruwa ya gudu daga cikinsa.

14/
Kuma Alau ba ta zo da bazata ba. An gina ta a shekarun 1980 a kan kogin Ngadda, ta taɓa yi wa Maiduguri irin wannan a 1994. Shekara 30 tsakani. Shekara 30 ta isa a gyara madatsa, a yashe magudanai, a hana gini a hanyar ruwa. Wannan ba aikin Amurka ko Sin ba ne, namu ne.

15/
Ga inda lafiya ke shigowa, kuma nan ne aka fi yin shiru. Ambaliya ba ta ƙarewa ranar da ruwa ya janye. Ruwan ya bi ta masai, ya bi ta bola, ya shiga rijiya. Mutane dubbai sun taru a makaranta ɗaya da banɗaki ƙalilan. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

16/
A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, mafi yawa a Arewa. Cutar da ruwan gishiri da sukari ke ceto mafi yawan masu ita. Cutar da tsaftataccen ruwan sha da masai mai kyau suka kora daga wasu ƙasashe tuntuni.

17/
Ka ƙara da zazzaɓin cizon sauro a kwatamin da ruwa ya bari. Ka ƙara da tsargiya, yaran da ke fitsarin jini saboda wanka a ruwan da dodon koɗi ke ciki. Ka ƙara da tamowa bayan gona ta nutse. Ruwa, muhalli, lafiya, yanayi: a takarda ma'aikatu daban-daban ne. A jikin yaro ɗaya suke haɗuwa.

18/
To wa ke amfana da tsohon labarin? Na farko, duk mai neman uzuri. In ka ce tafki ya ƙafe shi ya sa matasa suka ɗau bindiga, ka wanke kowa. Ba ruwan rashin makaranta, ba ruwan zalunci, ba ruwan shekarun da aka yi an manta da mutanen tsibirai. Laifin sama ne. Sama kuwa ba ta zuwa gaban kwamiti.

19/
Na biyu, masu manyan kwangiloli. Kun taɓa jin Transaqua? Shiri ne da kamfanin Bonifica na Italiya ya zana shekaru da dama da suka wuce: a haƙa hanyar ruwa ta kimanin kilomita 2,400 daga rassan Kogin Kwango zuwa kogin Shari, a cika tafkin. Kuɗin da ake ambata: wajen dala biliyan 50.

20/
A watan Fabrairun 2018 aka yi babban taro a Abuja kan Tafkin Chadi, aka rungumi wannan shiri. A Kinshasa kuwa 'yan siyasa da dama suka ce ba wanda zai taɓa musu ruwa. Yau shekaru sun shuɗe, ko cebur ɗaya ba a haƙa ba. Amma duk taron da aka zauna, sai an sake ɗaga shi.

21/
Tambayata mai sauƙi ce. Yankin da N'Djamena da Kuseri da Maiduguri ke nutsewa da damina, shi za a ƙara wa ruwa ta kogin Shari? Shari da Logon su ne dama ke kawo kusan kashi 90 na ruwan kogi da ke shiga tafkin. Kuma in tafkin ya koma girman 1963, ina za a kai masu noma da kiwo a ƙasar da ya bari?

22/
Don wannan ƙasar ba kango ba ce. Ƙasa ce mai albarka, ana noma ta ba taki. Mutane sun bi ruwan sun kafa garuruwa, har da Hausawa da yawa. Darak misali ce: 'yan Najeriya suka bi gaɓa suka zauna, sai a 2002 kotun duniya ta ce yankin na Kamaru ne. Ƙaramin tafki ya ciyar da jama'a masu yawa.

23/
Kuma mun taɓa gwada babban aiki a nan. A shekarun 1970 aka kashe maƙudan kuɗi a shirin noman rani na kudancin tafkin, wajen Marte. Aka gina hanyoyin ruwa da injinan turawa bisa zaton tafkin zai zauna inda yake. Ya janye, ya bar su a tsaye. An yi gini a kan hoto ɗaya, tafkin kuwa ba ya tsayawa hoto.

24/
Haka a Haɗeja da Nguru. Madatsar Tiga a 1974, Challawa a 1992. Binciken Edward Barbier da Julian Thompson ya nuna abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itace ya fi ribar noman ranin da aka tare ruwan dominsa. Yau ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Binciken na nan tun shekarun 1990. Wa ya karanta?

25/
Abin da ya karya mutanen tafkin a shekarun nan, ku tambaye su. Boko Haram ta kore su, ko ta ɗora musu haraji. Kasuwar kifi ta Baga ta durƙushe. A Diffa, dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana cinikin kifi da tattasai da hawa babur. Kifin na cikin ruwa, mai kama shi ne ke sansanin gudun hijira.

26/
Na san wani zai ce: "Ai duk Turawa ka lissafo." Haka ne, kuma wannan ma abin faɗa ne. Ana auna tafkinmu daga sama saboda ma'aunan ƙasa sun yi ƙaranci. Sakamakon na fita da Turanci da Faransanci. Masunci a Doron Baga ko Bol, wanda ya fi kowa sanin ruwan, ba ya cikin masu karantawa.

27/
Amma maganin wannan shi ne mu auna da kanmu. Hukumar Tafkin Chadi tana nan tun 1964. Akwai jami'o'i a Maiduguri, Diffa, Marwa, N'Djamena. Ɗan abin da za a kashe a sa ma'aunin ruwa a koguna, a biya ɗalibai su riƙa karantawa, bai kai kuɗin otal na taro ɗaya ba. Ƙin binciken wani ba tare da naka ba, surutu ne.

28/
Su ma manyan ƙasashe ba su tsira ba. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 na hayaƙin da ke ɗumama duniya a shekara ba. An kafa asusun biyan asara a taron Masar na 2022. A Dubai a 2023 alkawarin da aka tara wajen dala miliyan 700 ne, na duk duniya. Bashi ne a kansu, kuma ba su biya ba.

29/
Sai dai mai bin bashi ya je da takarda sahihiya. In wakilinmu ya tashi ya ce tafki na ƙafewa, wanda ke gefensa yana da bayanan tauraron ɗan'adam a kwamfutarsa. Alhali hujjar da ta fi ƙarfi tana hannunmu: sau 80. Maiduguri. Kwalara. Wannan ba mai iya ƙaryata shi.

30/
Abin da ya kamata mu riƙa tambaya, da suna da lamba:
• Yaushe aka duba madatsar da ke saman garinmu, ina rahoton?
• Kuɗin asusun muhalli da jiharmu ta karɓa, me aka yi da su?
• Hasashen NiMet da NIHSA na kowace shekara, wa ke kai shi ga mai unguwa da Hausa, Kanuri da Fulatanci?

31/
• Wuraren da za a kai mutane in ruwa ya zo, akwai ruwan sha da banɗaki tun kafin damina?
• Asibitin karkara na da ruwan gishiri da sukari da sinadarin tsarkake ruwa a watan Yuni, ko sai gawa ta fara fita?
• Yaushe masunta da manoma za su koma bakin tafki cikin aminci?

32/
Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar dala biliyan 50. Shi ya sa ba su da farin jini. Ba a yanke kirtani a kan magudanar da aka yashe, ba a ɗaukar hoto da annobar da ba ta ɓarke ba.

33/
Don haka in ka sake jin wani babba ya ce "kashi 90", tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, daga wace shekara zuwa wace shekara? Sannan ka tambaye shi ina aka kwana a gyaran Alau. Damina ba ta jiran kwamiti.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Ku tura wa ɗan majalisarku.