Ra'ayinmu: Yagwa Na Girma, Ina Burtali?

Duk wanda ya san Yagwa shekaru talatin da suka wuce, in ya shiga garin a yau sai ya nemi ɗan jagora. Filayen da shanu ke kwana a bayan gari sun zama unguwanni, kuma tun da aka buɗe gadar kogin Logon mai tsawon mita 620, wadda ta haɗa Yagwa da Bongor ta ƙasar Cadi a watan Afrilun 2025, idon kowa ya koma kan filayen bakin hanya. Muna murna da wannan ci gaba, domin falken da ya taɓa tsallakar da garke a ruwa ya san darajar gada. Amma akwai maganar da ya wajaba mu faɗa tun da sauran lokaci.

Yagwa ba baƙuwar saniya ba ce. Masa, waɗanda su ne 'yan ƙasa, da maƙwabtansu Tupuri, da shanu suke biyan sadaki, kuma suna da al'adar guruna, inda samari ke tarewa da garke a daji suna shan madara har su yi ƙiba. Fulani da Larabawa Shuwa sun daɗe suna saukowa fadamar Logon da rani, su kuma Hausawa sun riƙe fatauci da fawa a kasuwa. Shinkafa daga baya ta zo. Turawan Faransa ne suka fara gwajin nomanta na zamani a 1954, sannan a 1971 gwamnatin Kamaru ta mai da aikin kamfanin SEMRY, wanda ya kawo albashi da injin casa da ma'aikata daga nesa, garin ya cika ya batse a matsayinsa na hedkwatar Mayo-Danay.

To, a nan darasin yake. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga, arewa da Yagwa, mai tsawon kilomita 27, aka kuma yi jinga a gefen kogi domin kare gonakin shinkafa. Ruwan da ya saba malala kowace damina ya shayar da yayre, wato babbar fadamar da ta miƙe har Waza, sai ya ragu ƙwarai. Ciyawar burgu da ke riƙe shanu har ƙarshen rani ta mutu a wurare da dama, wata ciyawa marar ƙarko ta maye gurbinta, ga kuma fari na shekarun 1980 ya zo ya ƙarasa. Makiyaya da masunta suka watse neman abinci. Sai a 1994, bayan shekara 15, aikin Waza-Logon ya fasa jingar a wuri ɗaya domin ruwa ya koma wani sashe na fadamar, ciyawa kuwa ta fara dawowa. Ba mu ce noman shinkafa laifi ne ba, mu ma tuwonta muke ci. Abin da muke cewa shi ne an zana taswirar ƙasa ba tare da mai sanda a wurin ba, shi ya sa gyaran ya ɗauki wannan tsawon lokaci.

Yau ma zanen taswira ake yi. Ambaliyar 2022 da ta 2024, wadda ta karya gada a cikin garin, ta tilasta wa mutane da yawa neman tudu, kuma tudun nan shi ne inda burtali ke bi, shi ne makwancin shanu da damina. Ba mai zargin wanda ruwa ya cinye wa ɗaki don ya nemi wurin kafa bukka. Amma in ba a shata hanya ba, garken da ya fito daga Cadi zai nufi kasuwar Bogo ta tsakiyar gonar wani, daga nan sai tara, sai gaba. Mun ga abin da rikicin masunta da makiyaya ya jawo a Logon-Birni a 2021, inda aka rasa rayuka, dubban mutane suka gudu Cadi. Kogin nan ɗaya ne.

Doka kuwa tana nan. Dokar 78/263 ta 1978 ta kafa kwamiti a kowace gunduma a ƙarƙashin su-firefe, wanda aikinsa ne ya ware wurin noma da wurin kiwo, ya fitar da burtali, kuma akwai kujerar makiyayi a ciki. Sau da yawa ba a tuna da kwamitin sai ranar da saniya ta yi ɓarna, mu ma ba mu zuwa sai an kira mu biyan diyya.

Saboda haka muna kira ga arɗo-arɗo da sarakunan shanu da dillalan kara na Yagwa da kewaye, su haɗa kai da dattawan Masa masu garke, su rubuta takarda ɗaya zuwa ga su-firefe da magajin gari. A nemi a kafa turakun siminti a burtalin da ya taso daga gada, a ware mashaya a bakin kogi, a kuma yi wa filin kara takardar mallaka da sunan gari, kafin damina mai zuwa.